Yadda za ka shiga kallon Doctor Who ba tare da ka ɓata a hanya ba

Tun da aka nuna kashin Doctor Who, shirin talabijin na BBC kan wani matafiyi mai ratsa duniyoyi da zamunna, da labarinsa ya faru a wani shagon aski na Legas, a watan Mayun 2025, mutanen da a da ba ruwansu da shirin suka fara tambayata ta ina ake farawa. Sun san ni da shi. A shagona na gyaran waya a Ikeja hoton akwatin nan shuɗi da jarumin shirin ke tafiya a cikinsa ne a fuskar kwamfutata, a Agege kuma maƙwabta sun saba jin kiɗan buɗe shirin yana fitowa ta tagarmu bayan sallar isha'i. Amsar da nake ba kowa ɗaya ce. Ka fara da kashin da ake kira "Rose", wanda BBC ta nuna ranar 26 ga Maris, 2005. Kada ka fara da na Legas duk da ɗokinsa da kake yi, kada kuma ka ce sai ka koma 1963.

Ga dalili. Shirin ya fara fita ne ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin ranar da aka harbe shugaban Amurka John Kennedy. Ya yi zango 26 a jere kafin BBC ta dakatar da shi a 1989. A 1996 aka gwada tayar da shi da fim guda na haɗin gwiwa da Amurkawa, Paul McGann ya fito a Dakta, wato jarumin shirin, amma abin bai ɗore ba. Saboda haka lokacin da aka miƙa wa Russell T Davies, marubuci ɗan garin Swansea na yankin Wales, aikin farfaɗo da shi, ya san yaran da za su zauna gaban talabijin ba a ma haife su ba sa'ad da aka daina shirin. Sai ya rubuta kashin farko domin wanda bai san komai ba, wato domin irinka.

Shi ya sa bai buɗe labarin da Dakta ba. Da wata yarinya 'yar shekara 19 ya buɗe, Rose Tyler, mai aiki a wani babban kantin tufafi a Landan, tana zaune da mahaifiyarta a rukunin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Agogo ya kaɗa, ta tashi, ta hau bas, ta jera riguna, ta ci abincin rana da saurayinta, aka tashi aiki. Har ta kai bakin ƙofa aka mayar da ita ta kai saƙo ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. A can ne mutum-mutumin robar da ake sa wa kaya a tagar kanti suka fara juyo da kai suna takowa wajenta. Sun ritsa ta a jikin bango, ɗaya ya ɗaga hannu, sai wani mutum mai jaket ɗin fata baƙa ya kama hannunta ya ce ta gudu. Daga nan duk abin da Rose ba ta sani ba kai ma ba ka sani ba, duk tambayar da ta zo maka a rai ita za ta yi ta a madadinka. Mutum sama da miliyan 10 suka kalli wannan kashi a Birtaniya, kuma a kansa aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka danna ba shi da yawa. Dakta kamarsa ta mutum ce amma ba ɗan Adam ba ne, daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, zuciyarsa biyu, kuma ba ya faɗin sunansa na yanka. Jirginsa shi ne TARDIS, yana zuwa kowane wuri da kowane zamani. An yi shi ne ya riƙa sajewa da duk inda ya sauka, sai na'urar ta maƙale a Landan ta 1963 a siffar rumfar wayar 'yan sanda ta katako, shi ke nan ya zauna a haka. Daga waje mutum biyu ma sai sun matsu, ciki kuwa fili ne da ɗakuna ba iyaka. Ba ya yawo da bindiga. Abin da ke aljihunsa sukundireba ce mai haske da ƙara, da ita yake buɗe ƙofa, ya binciki inji, ya gano inda cuta take. Ni da nake wuni da sukundireba a hannu, wannan ne ya fara kama ni: jarumi wanda in ya tarar da dodo, tambayarsa ta farko me ke damunsa, me yake so, ta ina abin ya lalace.

Yanzu ga ramin da ya fi cinye sababbin masu kallo. Akwai abu uku da kowannensu ake ce wa zango na ɗaya: na 1963, na 2005, da na 2024, domin da kamfanin Disney ya shigo cikin harkar an sake ƙirga daga farko. In ka rubuta sunan shirin kawai a wajen nema, ba ka san wanne za a miƙo maka ba. Ka duba fuskar da ke jiki. In tsoho ne mai farin gashi a hoto marar kala, William Hartnell ne, na 1963. In baƙar fata ne matashi, Ncuti Gatwa ne, na 2024. Wanda kake nema shi ne Christopher Eccleston, mai gajeren aski da jaket ɗin fata, tare da Billie Piper da ta fito a Rose. Kashi 13 ne, kowanne kimanin minti 45.

Rami na biyu shi ne kasusuwan musamman, galibi na Kirsimeti, waɗanda ba sa cikin lissafin zango. Mutane sukan ɗauka ƙari ne na nishaɗi su tsallake, alhali sau da yawa a cikinsu ake yin manyan sauye-sauye. Bayan zango na ɗaya sai ka kalli "The Christmas Invasion" na Disambar 2005 kafin ka shiga na biyu, domin a nan David Tennant, wanda ya gaji Eccleston a matsayin Dakta, ya fara aiki sosai. "The Runaway Bride" na 2006 yana tsakanin na biyu da na uku, a nan Donna Noble, wata abokiyar tafiyar Dakta, ta fara fitowa, kuma in ba ka san ta daga nan ba dawowarta a zango na huɗu ba za ta yi maka armashi ba. Wanda ya fi kowanne tsada shi ne giɓin da ke tsakanin zango na huɗu da na biyar: daga Kirsimetin 2008 zuwa ranar 1 ga Janairu, 2010, an nuna "The Next Doctor", "Planet of the Dead", "The Waters of Mars" da "The End of Time" mai kashi biyu. Wanda ya tsallake su zai bar Tennant yana Dakta ya wayi gari da wani saurayi daban a cikin akwatin, bai ga bankwanan ba. Haka kuma "The Day of the Doctor" da "The Time of the Doctor" na ƙarshen 2013 suna gaban zango na takwas, "Twice Upon a Time" na 2017 yana gaban na sha ɗaya. Ni a bayan kwalin batir na rubuta jerin na manna a bango, kai ma ka rubuta naka a wani wuri da ido ke kai.

Batun samun shirin a nan Legas kuwa, iPlayer, manhajar kallo ta BBC, ta mazauna Birtaniya ce. Kasusuwan da aka yi daga ƙarshen 2023 zuwa 2025 a Disney+ aka fitar da su a wajen Birtaniya da Ayalan. Ni hanyar da ta fi min kwanciyar hankali ita ce faifan DVD na asali, zango-zango. Wasu na tsince su cikin kayan gwanjo a wajen Yaba, wasu wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ya riƙo min. Kwalin zango na biyu yana ɗauke da na Kirsimetin 2005, na uku da na 2006, na huɗu da na 2007, amma na 2009 kwalinsu daban yake, sai ka neme shi musamman. Faifan nan da ake tallarsa a gosulo, wanda aka cusa zango biyar a guda, ka bar shi. Hoton dishi-dishi, sauti baya da baki, jerin a hargitse, kuma kasusuwan musamman ɗin nan da na gama lissafa maka su ne na farko da ake zubarwa. In ta intanet kake kallo a waya, ka rage ingancin hoto a zangunan farko. An ɗauke su ne kafin shirin ya koma hoto mai tsananin kyau a 2009, saboda haka ba abin da za ka rasa sai ragowar data a aljihunka. Ka caja fawa-bank tun da rana. Kasusuwa da yawa biyu-biyu suke, na farko yana ƙarewa ne a daidai inda wuƙa ta zo wuya, kuma ba ka so a ɗauke wuta a tsakaninsu.

Ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ko da kana ji da Turancinka. Eccleston da harshen arewacin Ingila yake magana, Tennant sauri gare shi, Peter Capaldi kuwa, wani Dakta da ya zo daga baya, Turancin Sikotland ne tsantsa. Rabin daɗin shirin a cikin zance yake. Dakta yakan kuɓutar da gari guda da magana kawai, in maganar ta wuce ka sai ka ga kamar an yi maka maguɗi.

Zango na ɗaya yana buƙatar haƙuri a wurare biyu ko uku. Aikin kwamfuta na 2005 ya tsufa, kuma a kashi na huɗu da na biyar akwai wasu korayen halittu da aka cika su da barkwancin yara har ya yi yawa. Ka daure ka kai kashi na shida, "Dalek". Dalek su ne tsofaffin abokan gabar Dakta tun Disambar 1963, halittu ne a cikin sulken ƙarfe da ba su san komai ba sai ƙin duk wanda ba irinsu ba. A wannan kashi guda ɗaya tak aka nuna, a ɗaure da sarƙa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a jihar Utah ta Amurka. Ka kalli fuskar Eccleston sa'ad da fitilun kan abin suka kama. Mutumin da ya yi kashi biyar yana murmushi da raha sai ga shi yana dukan ƙofa a buɗe masa, daga baya da ya gane abin ba ya iya harbi sai ya juyo yana yi masa ihu har yawu na fita. A nan za ka fahimci abin da Davies ya ƙara wa shirin: a shekarun da ba a nuna shi ba, ya ce an yi wani babban yaƙi, mutanen Dakta da Dalek duk sun ƙare, kuma Dakta yana ɗauke da nauyin cewa shi ya kawo ƙarshen. Da wannan dabara ɗaya ya share tarin tarihin da zai rikita baƙo, ya kuma ba jarumin ciwo a zuci. Bayan nan sai "Father's Day", inda Rose ta roƙi a kai ta 1987 ta ga ranar da mota ta kaɗe mahaifinta. Wanda ya yi maraici da wuri ya shirya kafin ya kalla. Sai kashi biyu na marubuci Steven Moffat, "The Empty Child" da "The Doctor Dances", a Landan ta 1941 ana ruwan bama-bamai, wani yaro mai takunkumin kare hayaƙi a fuska yana bin mutane yana neman uwarsa. In ka kai nan ba ka kamu ba, to wataƙila shirin ba naka ba ne, ba kuma laifi.

Sai babbar jarrabawa, wato canjin Dakta. Asalin abin larura ce. A 1966 lafiyar Hartnell ta yi rauni, masu shirin ba sa son a rufe, sai suka ce ai jinsinsa in mutuwa ta zo jikinsu sabuntuwa yake yi. Patrick Troughton ya karɓa, kuma wannan shawara ce ta raya shirin sama da shekara 60. Fuska takan canza, murya da ɗabi'a da sutura su canza, amma abin da ya sani da waɗanda ya rasa suna nan. Eccleston zango ɗaya kawai ya yi, saboda haka da wuri za ka ɗanɗana. Za ka ji haushi, ka sani tun yanzu. Ranar da Tennant ya tafi Matt Smith ya bayyana, ɗiyata ta miƙe ta ce, "Baba, wannan yaron ba Dakta ba ne, ni na daina." Smith yana da shekara 26 aka zaɓe shi, ba a taɓa ba wanda ya kai shi ƙuruciya ba. Na ce mata ta ba shi kashi uku kawai. A na farko, "The Eleventh Hour", ya faɗo bayan gidan wata ƙaramar yarinya mai tsoron wata tsaga a bangon ɗakinta, ya ce ta jira shi minti biyar, bai dawo ba sai bayan shekara 12. Kafin a gama kashin ta dawo ta zauna. Wannan ita ce dokar da nake ba kowa: sabon Dakta, kashi uku kafin ka yanke hukunci. Capaldi ma ya fi haka buƙata, domin da farko murtuke yake, ba ya neman a so shi. Amma shi ne ya yi "Heaven Sent" a 2015, kusan shi kaɗai a cikin wani gidan dutse daga farko har ƙarshe, kuma a ganina ba a yi kashin da ya fi shi ba tun da aka dawo da shirin. Kada ka ɗauko shi shi kaɗai don na yabe shi. Sai ka ga "Face the Raven" da ke gabansa sannan za ka san abin da mutumin yake makoki.

Za ka ji masu cewa a fara da "Blink" na 2007, mai gumakan mala'iku na dutse da ba sa motsi sai ka ƙifta ido. Kashi ne mai kyau ƙwarai, Moffat ya rubuta, Carey Mulligan ta ja shi tun kafin ta yi suna. Amma Dakta da ƙyar yake fitowa a ciki, saboda haka ba ya nuna maka yadda shirin yake a kullum. Ka bari ka iso shi a kan hanya. Wanda ni nake ajiye wa mutum a matsayin tukuici shi ne "Midnight" na 2008. Motar yawon buɗe ido ce ta tsaya cak a wata duniya da ba abin da ke iya rayuwa a wajenta, sai aka fara ƙwanƙwasa jikin motar daga waje. Wata mata a ciki ta fara maimaita duk abin da aka faɗa, daga baya ta riƙa faɗa tare da mai magana, daga baya ta riga shi. Ba a taɓa nuna dodon ba. Abin tsoron shi ne fasinjojin, mutanen kirki da ɗazu suke hira da dariya, cikin rabin sa'a sun fara shawarar wanda za a jefa waje, kuma wayon Dakta da ya saba cetonsa shi ya sa suka tsane shi. Duk wanda danfo ta taɓa mace musu a kan gadar Third Mainland da daddare, ya ga yadda baƙi ke haɗa kai su dami mutum guda, zai gane kowace fuska a motar nan.

Game da yara, shiri ne da aka yi don iyali, amma iyalin Turai. Akwai sumbata, akwai alaƙoƙi da barkwancin da ba su dace da tarbiyyarmu ba, musamman a zangunan Davies na farko da na baya-bayan nan. Ni nakan riga yarana kallon kowane kashi, in zaɓi wanda za mu zauna tare. Wasu kuma tsoro ne ya yi yawa ga ƙarami, irin "The Waters of Mars" da na yaron nan mai takunkumi. Torchwood, wanda ya ɓalle daga jikin shirin a 2006, na manya ne zalla, kada ka kuskura ka saka a falo. The Sarah Jane Adventures na 2007 shi ne na yara. Wani dattijo mai kawo min gyara ya taɓa leƙa allo ya ce, "Injiniya, ai wannan komawa zamanin da ya wuce ƙarya ce." Na ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji, tatsuniya ce, masu yin ta ma ba su ce wani abu daban ba."

Daga 2018 zuwa 2022 Jodie Whittaker ce Dakta, mace ta farko da ta ja shirin, Chris Chibnall yana riƙe da ragama. A nan masoya suka fi rabuwa. Ni ina ganin ta yi ƙoƙarinta, rubutun ne sau da yawa bai kai ta ba, an tara abokan tafiya uku ba a ba kowa isasshen fili ba. Duk da haka kada ka tsallake. "Rosa" ya kai su Montgomery ta 1955 wajen Rosa Parks, baƙar fatar Amurka da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, inda aikinsu shi ne su zauna a bas su yi shiru don tarihi ya tafi yadda ya tafi. "Demons of the Punjab" yana kan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, ta bakin kakar Yasmin Khan, Musulma 'yar Sheffield da ke cikin tawagar. Tosin Cole, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ne Ryan, ɗaya daga cikin abokan tafiyar. Ka kuma riƙe "Fugitive of the Judoon" na 2020 da kyau, zai yi maka amfani a Legas.

Tsohon shirin fa? Ka bari sai ka gama aƙalla zangunan Tennant, lokacin kwaɗayin sanin asali zai zo da kansa. Salonsa daban ne, yawancin labaransa an raba su kashi huɗu ko shida na minti 25, tafiyarsa a hankali, dodanninsa na roba da kwali. Kada ka zauna ka haɗiye labari guda a dare ɗaya, mako-mako aka tsara shi, kashi ɗaya ko biyu ya isa. Ka fara da Tom Baker mai dogon mayafin wuya, wanda ya yi daga 1974 zuwa 1981: "Genesis of the Daleks" na 1975, sai "City of Death" na 1979 da aka ɗauki wani ɓangarensa a Paris.

Sannan ka nemi labarai biyu da mu 'yan Najeriya muke da haƙƙi a kansu. A shekarun 1960 da 1970 BBC takan goge kaset ta sake ɗaukar wani shiri a kai, don kaset na da tsada kuma ba wanda ya zaci za a nemi tsohon abu. Da haka kasusuwa da dama na zamanin Hartnell da Troughton suka salwanta, har yau akwai wajen casa'in da wani abu da ba a gani ba. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka juye a fim aka sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, ciki har da namu. A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta a wata tashar talabijin a Jos, cikinsu akwai kashi tara da duniya ta fid da rai da su. Biyar na "The Enemy of the World" ne, wanda da su labarin ya cika, huɗu na "The Web of Fear". A na farko Troughton ya fito a mutum biyu, Dakta da wani azzalumin shugaba mai suna Salamander da suke kama ɗaya, kuma an ce labarin a 2018 yake faruwa, wato sun hango zamaninmu daga 1967. Na biyu dodanni ne a ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan, kuma a cikinsa aka fara ganin sojan nan Lethbridge-Stewart da ya zama aminin Dakta na shekaru. Kashi na uku nasa har yanzu babu, an cike gurbin da zane mai motsi. Duk sa'ad da na saka faifan nan nakan tuna cewa wani ma'aikaci a Jos, wanda ba mu san sunansa ba, ya ga tsofaffin gwangwanaye bai zubar ba, shekara da shekaru.

To sai na Legas. Hanyar zuwa gare shi ita ce kasusuwa uku na cikar shirin shekara 60 a ƙarshen 2023, inda Davies da Tennant da Catherine Tate mai fitowa a Donna suka dawo, sai "The Church on Ruby Road" na Kirsimetin shekarar, sai zangon 2024, sai na Kirsimetin 2024, sai zangon 2025. "The Story & the Engine" shi ne na biyar a cikinsa. Gatwa an haife shi a Kigali ta Ruwanda a 1992, ya tashi a Sikotland, shi ne baƙar fata na farko da ya ja shirin. Marubucin kashin kuwa Inua Ellams ne, haifaffen Jos, wanda dama ya yi suna da wasan daɓe a kan hirar shagunan aski. Labarin a 2019 yake. Dakta ya je gaishe da abokinsa mai shago, ya tarar da wani baƙon mai aski ya ƙwace wurin, ya tsare maza a ciki, kowa sai ya hau kujera ya ba da labari ana yi masa aski, gashin ya sake tsirowa nan take, labaran kuma su ne man da wani inji yake sha. Anansi ya shigo zancen, gizo-gizon tatsuniyoyin mutanen Gana, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi.

A Cardiff ta Wales aka gina kasuwar da ke cikin kashin, kuma ɗan Legas zai gane, domin hayaniyar ba ta kai ba, hanyar ta yi tsafta, ba wanda ya taka wani. Cikin shagon kuwa sun same shi daidai: musu, tsokana, yadda kowa ke da ra'ayi a kan labarin kowa. Abin da ya sa na hana ka farawa da shi yana cikin wata 'yar magana da Dakta ya yi wa abokiyar tafiyarsa Belinda kafin ya fita, inda ya bayyana mata cewa tun da ya zama baƙar fata akwai wuraren da ake yi masa wani irin kallo, a wannan shago kuwa ana karɓarsa kamar ɗan gida. Wanda ya fara daga nan zai ji magana ce mai daɗi kawai. Wanda ya biyo shi tun daga mutumin nan mai jaket ɗin fata da ya rasa duniyarsa da danginsa, ya ga yana shiga fadar kowane sarki ba sallama ba a tambaye shi, shi ne zai san nauyin jin Dakta yana cewa ya samu wurin hutawa, kuma wurin a garinmu yake. Akwai kuma wata fuska da za ta gifta na ɗan lokaci, sai wanda ya kalli kashin 2020 da na ce ka riƙe zai gane ta.

Labarai uku na tsohon shiri za su taimake ka a wannan ƙarshen hanya, ba zan faɗi dalili ba don kada in ɓata maka labari. Kafin kashi biyu na ƙarshen zangon 2024 ka kalli "Pyramids of Mars" na 1975. Kafin biyun ƙarshe na 2025 kuma ka nemi "The Three Doctors", wanda aka fara nunawa a ƙarshen 1972, da "The Mark of the Rani" na 1985.